Daga Teburin Fontainebleau Zuwa Kabarin Napoleon

Kawu ne ya matsa. Taron aiki na kwana biyar ya kai ni Paris, na sauka gidansa, ranar Asabar ina shirin rama barci sai ga shi bakin ƙofa da hular sanyi a kai. "Tashi, ɗana, ba barci ya kawo ka Faransa ba." Shekara talatin ke nan da ya bar Damagaram, ya yi tuƙi har ya gaji ya ajiye, yanzu ba shi da aiki sai karanta tarihin Napoleon Bonaparte da neman wanda zai saurare shi.

Mun hau jirgin ƙasa a Gare de Lyon, tafiyar kamar minti arba'in zuwa Fontainebleau-Avon. Kafin mu isa Kawu ya haifi mutumin, ya yaye shi, ya naɗa masa sarauta. An haife shi a 1769 a Ajaccio, tsibirin Korsika, shekara ɗaya bayan Faransa ta karɓi tsibirin daga hannun Genoa, har 'yan makarantar soja suna yi masa dariya saboda gurguwar Faransancinsa. Sojan igwa ne. Ya zama janar yana da shekara 24 bayan yaƙin Toulon a 1793, ya yi juyin mulki a Nuwamban 1799. Wannan kam ba sai an yi mini bayani ba, mu da muka tashi da jin kiɗan soja a rediyo da asuba. Ranar 2 ga Disamba 1804, a cocin Notre-Dame, Fafaroma Pius na Bakwai yana zaune yana kallo, Napoleon ya ɗauki kambi ya ɗora wa kansa da hannunsa.

Ana yayyafi muka shiga farfajiyar fadar sarakunan Faransa ta Fontainebleau. Matakalarta a lanƙwashe take kamar takalmin doki, kuma nan Napoleon ya sauko ranar 20 ga Afrilu 1814 ya yi sallama da dakarunsa kafin a kai shi tsibirin Elba. A ciki an wuce da mu ɗakin gadon sarauta, zinariya ko'ina har ido ya gaji. Ni abin da ya tsayar da ni wani ɗan tebur ne mai zagaye a wani ƙaramin ɗaki, wanda kwanon tuwo uku ma da ƙyar zai ɗauka. A kansa ya sa hannu ya sauka daga mulki. Mutumin da ya raba wa 'yan'uwansa sarautun Sifen, Holan da Naples kamar rabon goro! Na daɗe tsaye har wata mata ta yi mini gyaran murya.

"Me ya kawo shi nan, Kawu?"

"Rasha," in ji shi. A 1812 ya shiga ƙasar da sojoji fiye da 400,000. Ya isa Mosko ya tarar an watse, wuta kuma ta cinye birnin. A hanyar dawowa yunwa, cuta da sanyi suka gama da rundunar. A 1813 aka taru aka doke shi a Leipzig, ƙarshen Maris 1814 abokan gaba suka shiga Paris, manyan hafsoshinsa da ya ɗaukaka da hannunsa suka ce ba za su ƙara fita ba. A wannan fadar ce kuma ya tsare Fafaroman da ya halarci naɗinsa, daga 1812 zuwa 1814.

Bas ta wuce mu, muka taka zuwa tasha da ƙafa, takalmina ya sha ruwa. Sai la'asar muka isa Les Invalides, ginin da kabarin Napoleon yake a Paris, ƙarƙashin ƙubbar nan mai ruwan zinariya. Kabarin a ƙasa yake cikin wani faffaɗan rami, dole ka sunkuyar da kai kafin ka gan shi, kuma na tabbata magina sun san abin da suke yi. Jan dutse ne ƙato, wanda, abin dariya, daga Rasha aka kawo shi. Napoleon ya mutu a tsibirin Saint Helena ranar 5 ga Mayu 1821 a hannun Ingila, sai 1840 aka dawo da gawarsa.

A daɓen da ya kewaye kabarin an rubuta sunayen yaƙoƙi: Marengo, Austerlitz, Iéna, Wagram. Na zagaya ina neman Waterloo, inda janar-janar Wellington na Ingila da Blücher na Prussia suka karya shi ranar 18 ga Yuni 1815 bayan ya tsere daga Elba. Babu. Amma akwai Pyramides, wato yaƙin Masar na 1798. Nan na tuna ƙanena da ya yi karatu a Azhar, shi ya fara ba ni labarin yadda sojojin Faransa suka shiga masallacin da dawakai a waccan shekarar. Na ce wa Kawu wannan, da dokar 1802 da ta tabbatar da bauta a yankunan mallakar Faransa bayan an soke ta a 1794, a wane dutse aka rubuta su?

Bai musa ba. Ya ce amma kundin dokokinsa na 1804 shi ne tushen abin da alƙalai ke buɗewa a Yamai har gobe. Muna cikin wannan mai gadi ya zo yana kora, lokacin rufewa ya yi.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa Kawu ya ce in na dawo baɗi sai Beljiyam, filin Waterloo. Akwai tudu mai matakala 226, ni zan hau, shi zai jira ni a ƙasa saboda gwiwa.