Ina za a sa Maraɗi?

Talata, bayan isha'i.

Yau ma kundin jagoran nan na ɗakunan karatu ya cinye min yini. Mu kaɗan ne muke haɗa shi a intanet, ma'aikatan laburare da ɗaliban digiri na uku. Kowa yana shiga daga inda yake ya zuba abin da ya sani, domin mai binciken tarihin ƙasar Hausa da maƙwabtanta ya san wane ɗakin karatu ke ajiye da me tun kafin ya biya kuɗin mota.

Da safe na ƙarasa sashen Kaduna. Arewa House bai ba ni wuya ba: Farfesa Abdullahi Smith ya kafa shi a 1970 a gidan Sardauna, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa ce ta riƙe ni, don sai da na zauna na warware lambobin fayil. SNP takardun sakatariyar lardunan Arewa ne, KanoProf na lardin Kano, SokProf na Sakkwato, ZarProf na Zariya. Sabon ɗalibi yakan gan su a ƙasan shafin littafi, ya ji kunyar tambaya, ya yi ta fama shi kaɗai.

Bayan azahar aka shiga gardama. Malam, wanda ya fi mu duka daɗewa a aikin, ya turo saƙon murya a WhatsApp cewa a jera komai ƙasa-ƙasa: Najeriya, Nijar, Gana, sai Turai da Amurka. Na ce, "Allah gafarta Malam, to Maraɗi fa?"

Ga abin da nake nufi. Bayan jihadi, gidan sarautar Katsina na dā Maraɗi ya koma, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri. Yaron da ke rubutu kan Katsina a ƙarni na 19, rabin labarinsa yana tsallaken iyaka, amma ba zai taɓa buɗe shafin da aka rubuta wa "Nijar" ba, gani yake ba ruwansa. Alhali akwai rubuce-rubucen Larabci da ajami a cibiyar bincike ta IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai. Rahotannin Faransawa kuwa wasu suna Yamai, wasu suna Dakar, tunda nan ce hedikwatar mulkinsu a Afirka ta Yamma, wasu kuma suna Aix-en-Provence a Faransa. Haka Damagaram, wadda ita ce babban birnin Nijar kafin a mayar Yamai a 1926, kuma hulɗarta da Kano da Borno ta girmi iyakar. Idan muka bi layin da Turawa suka shata, mun sake raba wa ɗalibai abin da suke neman haɗawa. Ni a ganina, a jera shi bisa ƙasashen da mutane suka sani: Katsina da Maraɗi, Gobir, Damagaram, Kabi, Borno.

Malam ya saurara har na gama, sannan ya ce, "'Yata, kin kawo magana. Amma in laburare guda ya bayyana a shafi goma, ranar da ya sauya lokacin buɗewa, wa zai bi goman nan yana gyarawa?" Da gaskiyarsa, ya ga jiya ya ga yau. Muka tsaya a kan cewa kowane ɗakin karatu shafinsa ɗaya tak, shafukan ƙasashen kuma su riƙa nuni zuwa gare shi. Aiki ya ƙaru, akasari a kaina.

Da la'asar na gwada tsarin da shafin Kano. Na sa Gidan Ɗan Hausa da Gidan Mambayya, sai kuma, a layi ɗaya da su, Jami'ar Northwestern ta Amurka, inda tarin littattafan Malam Umaru Falke yake a ɗakin karatu na Herskovits. Ɗan kasuwa ne kuma malamin Tijjaniyya a Kano, ya rasu a 1962, tarin ya haura rubutu 3,000. Raina ya ɗan sosu da na ga adireshin Evanston, garin da jami'ar take, a ƙarƙashin Kano, amma can kayan suke, gara ɗalibi ya sani.

Abu na ƙarshe da na ƙara shi ne gurbi a ƙasan kowane shafi: ana neman takardar gabatarwa daga jami'a? Ana barin ɗaukar hoto da waya? Akwai kundin jerin kayan, ko sai an tambayi mai kula? Kuma duk wanda ya cika, dole ya sa watan da ya je da ƙafarsa. Ban yarda da "an ce" ba a wannan gurbi.

Shafin Agadas har yanzu fayau yake. Wani ɗalibi a Yamai ya yi alkawarin zai tambayi malaminsa ranar Alhamis. Gobe, in Allah ya kai mu, zan fara sashen jaridu, daga Gaskiya Ta Fi Kwabo ta 1939, in bi diddigin inda aka ajiye fitowar kowace shekara.