Gyaran Tsohuwar Amfilifayar Jita Mai Bawul a Birnin Kebbi

Yawancin aikin da ke shigowa shagonmu amfilifayar masallaci ce da ta masu sautin biki. Amma jefi-jefi makaɗan jita, daga nan cikin gari ko daga Zuru da Yawuri, sukan kawo irin ta da, mai bawul, wato kwalaben gilashin nan da zarensu ke yin ja idan an kunna. Kusan duk 'yan gwanjo ne, an sayo su a Alaba ta Legas ko Sabon Garin Kano. Komai na cikinsu ana samu ko a yi oda, ban da taransifoma biyu, ta wuta da ta fitar da sauti. Idan ɗaya ta ƙone, kuɗin gyara na iya haura kuɗin saye. Shi ya sa duk tsarin aikinmu a kan tsare su yake.

Kafin a taɓa soket, a karanta rubutun da ke bayanta. Wutarmu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Wanda ya jona 'yar Amurka kai tsaye, in ya yi sa'a fis ne zai tsinke. Dole sai da taransifomar rage wuta, kuma mai wat 500 ta wadaci amfilifaya mai wat 50. Ko da hakan za ta fi ɗaukar zafi a nan, domin an naɗa taransifomarta don wuta mai bugu 60 a daƙiƙa, tamu kuwa 50 ce. A zafin Afrilu da ke wuce digiri 40, a sa mata 'yar fanka ta baya. A zaro fis ɗin ma a gani. Sau da yawa sai ka tarar an naɗe shi da zaren waya ko takardar kwalin sigari, kuma babu abin da ke kashe taransifoma kamar wannan. A mayar da mai lambar da aka rubuta a jiki, irin mai jinkirin tsinkewa wanda ke da harafin T.

Ba na barin sabon yaro ya buɗe ta shi kaɗai. Manyan kwandansa, wato 'yan gwangwanayen da ke ajiye wuta, na iya riƙe bolt 400 zuwa 500 bayan an zare waya. Ana sauke wutar ne da rizista, abin da ke rage gudun wuta, mai om 22,000, wat 5, daga ƙafar kwandansa zuwa ƙarfen jiki, sannan a auna da mita har ta sauka ƙasa da bolt 10. Idan ana awo tana kunne, hannu ɗaya ake sawa ciki, ɗayan a aljihu. Wayar wuta mai kai biyu kuwa cire ta muke yi, mu sa mai uku, mu ɗaure ta ukun a jikin ƙarfe, saboda tsirkiyar jita a haɗe take da wannan ƙarfen, mai kiɗa kuma yana riƙe da ita.

Kunnawar farko ta cikin ƙwan fitila mai zare, wat 100, ake yi, a jere da wayar wuta, wato wutar ta bi ta cikinsa kafin ta shiga amfilifaya. Ƙwan zamani ba ya wannan aikin. A cire bawul duka a kunna. Idan ƙwan ya ɗan haska ya dushe, lafiya. Idan ya tsaya da haske tar, akwai inda wuta ke haɗewa, sai a kashe nan take. Daga nan a riƙa mayar da bawul kashi-kashi: na juya wutar AC zuwa DC tukuna, irin su 5AR4 ko 5U4 in tana da shi, sai ƙanana, sai manya. Wanda aka sa ƙwan ya haska, ɓarnar tana wajensa. Lasifika kuma ta kasance a jone koyaushe, mai om ɗin da ya dace, 4 ko 8 ko 16. Buga jita babu lasifika na iya huda naɗin taransifomar sauti.

Ƙugi mai kauri da ba ya raguwa ko an rufe murya, yawanci kwandansan tace wuta ne suka bushe. Masu mikrofarad 22 zuwa 47 ne, bolt 450 ko 500. In sun kumbura ko suna fitar da farin gari kamar kanwa, a canza su gaba ɗaya, a kula da ƙafar da ke da alamar ƙari, domin in an juya ta fashewa suke yi. Ƙugin da ke ɓacewa da an zare jita, a nemi laifin a igiyar jitar. Tas-tas da ƙarce-ƙarce kuma sau da yawa ƙurar hunturu ce a makunnan murya da ramukan bawul. Feshin wanke haɗi ya isa. In bai daina ba, a ɗan ƙwanƙwasa ƙananan bawul 12AX7 da tsinken katako. Wanda ya amsa a lasifika a musanya shi. Ƙafarsa ta 1 da ta 6 su nuna wajen bolt 150 zuwa 250, ta 3 da ta 8 bolt 1 zuwa 2. In ba haka ba, a auna rizistocin om 100,000 da ke ciyar da su.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne farantin babban bawul ya yi ja jawur. Jan zaren tsakiya daidai ne, amma jan farantin toka-tokan nan yana nufin bawul na zuƙar wuta fiye da ƙima, kuma ta cikin taransifomar sauti wutar ke bi. A kashe ba tare da jira ba. A manyan bawul 6L6 da EL34, ƙafa ta 5 ake aunawa. A yawancin manyan amfilifaya ya kamata a ga wuta mai alamar ragi, wajen bolt 30 zuwa 55; ita ce bayas, mai hana bawul zuƙar wuta fiye da ƙima. Idan babu, ko dai layin bayas ya mutu, ko ƙaramin kwandansa mai mikrofarad 0.022 da ke kawo sauti yana yoyon wuta. A duba rizistar ƙafa ta 4 ma, om 470 a yawancin amfilifayar kamfanin Fender, om 1,000 a ta Marshall, domin ita ke fara ƙonewa idan bawul ya haɗe.

Manyan bawul tagwaye ake saye, waɗanda aka auna suka zo daidai, sannan a saita bayas. Muna sa rizista mai om 1 tsakanin ƙafa ta 8 da ƙarfen jiki. Milibolt nawa mita ta nuna, miliamf ɗin ke nan. EL34 iyakarsa wat 25, kashi 70 cikin ɗari da aka saba saitawa ya zama 17.5, a raba da bolt 450 na ƙafa ta 3, ya ba da kusan miliamf 39. Ni a kashi 60 nake tsayawa, wajen 33, saboda zafin garin nan da hawa da saukar wuta. Kuma a yi saitin a kan sitabilaiza mai ba da 230. Wanda ya saita lokacin da wuta ke 190, ranar da aka jona janareta mai 240 bawul zai dahu.

Ba na goyon bayan canza bawul duka don kawai sun tsufa. Sababbin daga Sulobakiya da Rasha da Sin ake kawo su, da tsada, kuma ƙaramin bawul na iya shekaru masu yawa yana aiki. Wanda tabon azurfar cikinsa ya koma fari, iska ta shige shi, wannan kam ya mutu.

Kafin mai kaya ya ɗauka, mukan bar ta a kunne awa biyu ana bugawa, ana duba zafin taransifoma, a sake auna bayas a ƙarshe. Sai mu manna takarda a bayanta da lambar fis, om ɗin lasifika, da bolt ɗin wutar da take sha.