Tsohuwar da ta zana ƙauyen Amurka na da

Ni dai cikin masu zanen ƙauyukan Amurka na zamanin da, babu wadda aikinta ya kwanta min a rai irin Anna Mary Robertson Moses, wadda aka fi sani da Grandma Moses. Matar manomi ce fa, ko ajin koyon zane ba ta taɓa shiga ba. An haife ta a 1860 a jihar New York, tana 'yar shekara 12 ta fara aikatau a gidajen masu hali, ta yi aure a 1887 suka tafi Virginia ita da mijinta suna noma, tana kaɗa man shanu tana sayarwa. Haihuwa 10 ta yi amma 5 kaɗai suka rayu, sauran tun suna jarirai suka koma. Sai da ta haura shekara 70, ciwon gaɓɓai ya hana ta riƙe allurar ɗinkin ado, sannan ta ɗauki burushi da fenti da gaske.

Ku nemi zanenta mai suna Sugaring Off ku buɗe shi sosai a waya. Ƙarshen hunturu ne, ƙanƙara ta rufe ko'ina fari fat, an huda bishiyoyin maple an rataya bokitai ruwan zaƙi na ɗiga, can ga ƙatuwar tukunya a kan wuta ana dafa shi har ya yi kauri, wani na tafe da itace, yara na ta zirga-zirga a tsakani, kowa da abin da ya sa a gaba kamar ranar gayya. Mutanen ƙanana ne, fuskokinsu ma ba ka gani sosai, amma wallahi kana kallo ka san wa ke aiki wa ke wasa. Daga sama take fara zane, sararin samaniya tukuna, sai tsaunuka, sai bishiyoyi da gidaje, dabbobi da mutane su ne na ƙarshe. Har ƙyalƙyali takan barbaɗa a kan ƙanƙarar don ta riƙa sheƙi, masana zane wasu ba su so haka ba, ita kuwa ba ta fasa ba.

Akwai masu cewa ai wannan kwaskwarima ce, babu tarakta, babu turakun waya, babu yunwa ko cuta a zanenta. Gaskiya ne da gangan ta bar su. Kuma gaskiya ne kasuwar ta samu ne saboda kewa, tun ƙidayar 1920 mutanen birni suka fi na ƙauye yawa a Amurka, ga yaƙin duniya na biyu, jama'a na neman abin da zai tuna musu gidan kakanni, shi ya sa kamfanin Hallmark ya riƙa buga zanenta a katin gaisuwar Kirsimeti ana ta saye. Amma ni ban yarda a ce ta yaudari kowa ba. Matar da ta binne jarirai 5, ta yi wa wasu wanki da girki tun tana yarinya, wa zai koya mata wahalar ƙauye? Ta san ta sarai, ta zaɓi ta ajiye ranakun da aka haɗu aka yi aiki tare, ranar dafa tuffa, ranar ɗinka bargo, ranar kama talotalo don biki.

Yadda aka gano ta ma abin mamaki ne. A 1938 wani mai tara zane-zane, Louis Caldor, ya ratsa ta garin Hoosick Falls a jihar New York ya hango zanenta a tagar wani kemis, ya saye su duka. Zuwa 1940 an baje kolin aikinta a birnin New York, tana da shekara 80. Ta ci gaba da zane har ta wuce shekara 100, ta bar zane sama da 1,500 kafin ta rasu a 1961. Da farko dala 3 zuwa 5 take sayar da guda, amma a 2006 an sayi Sugaring Off ɗin nan dala miliyan 1.2.