Littafin ya kwanta, ashe jijiyar takarda ce

'Yan'uwa, yau kam da farin ciki na zo. Kwafin tarihin rayuwata da na ɗinka a wannan karon ya fito daga ƙarƙashin danni, na buɗe shi a tsakiya na ajiye a kan tebur, ya zauna a buɗe ba tare da na sa masa hannu ba. Shafukan sun kwanta luf. Wanda bai taɓa fama da littafin da ke rufe kansa da kansa ba zai ce mene ne abin murna a nan, amma ku kun sani.

Ga waɗanda ba su san inda na tsaya ba: shafi 192 ne, girman A5, wato takardar A4 a ninke biyu. Dami 12, kowane dami takarda huɗu da aka ninke tare, shafi 16. Ɗinki da zaren lilin da na goga wa kakin zuma, farin gam na PVA a baya, bango kuma kwali mai kaurin milimita 2 da aka lulluɓe da yadi. Ba na sayarwa ba ne. Na 'ya'ya ne da jikoki, sai ƙannena da suka rantse sai sun ga abin da na rubuta a kansu.

Kwafin gwajin da suka gabata duk ciwonsu ɗaya. Ana gama ɗinki komai lafiya lau, littafi tsaf. Da zarar na shafa gam a baya na bar shi ya kwana, sai in tarar can ciki, kusa da ɗinki, takardar ta tattare ta yi kunya-kunya kamar gonar da aka yi wa huɗa. Ka buɗa shafi ya yi ƙara, ya tsaya ƙiƙam a sama, ka sake shi littafin ya rufe. Na zargi gam, na rage shi. Na zargi zare, na sassauta ja. Na zargi danni, na tara duk manyan littattafan gidan a kai. Tattarewar ta ɗan lafa, bayan kwana biyu ta dawo yadda take. Akwai daren da na ce a raina a buga wa abin nan waya a gefe kawai a huta, wa zai ce bai karanta ba don ba a ɗinka ba?

Ashe matsalar tana cikin takardar tun daga masana'anta. Lokacin da ake yin takarda, ruwan niƙaƙƙen itacen yana gudu ne a kan raga mai tafiya, don haka yawancin 'yan zarurrukan da ke cikinsa suna kwanciya su fuskanci inda injin ya dosa. Wannan kwanciyar ita ce jijiyar takarda. Idan danshi ya taɓa su, zarurrukan suna kumbura ta faɗi sosai, ta tsawo kuwa kaɗan ne. Ma'ana takarda tana buɗewa ne ta gefen da ya gitta jijiyarta. To yawancin takardar A4 ta ofis jijiyarta tana bin dogon gefe ne, mai milimita 297. Mu kuma idan za mu yi A5, ninkin yana bin gajeren gefe, mai milimita 210. Kun ga ke nan mun karya jijiyar a tsakiya, ta koma tana kwance daga ɗinki zuwa bakin shafi maimakon ta tashi daga ƙasa zuwa sama. Gam na PVA ruwa ne a cikinsa. Yana shiga, takardar tana son ta ƙara tsawo ta bin gadon bayan littafin, zare da gam sun riƙe ta ba ta da wurin zuwa, sai ta tattare a inda take. Ƙiƙam ɗin shafuka ma daga nan ne, domin takarda ba ta son lanƙwasa ta inda ya gitta jijiyarta. Duk nauyin da za ka ɗora ba zai sauya wannan ba.

Gwajin da ya gamsar da ni shi ne na ruwa. Ka ja layi da fensir a kan takardar ta bin dogon gefe, sannan ka yanko ɗan murabba'i wanda layin ya ratsa, ka shafa masa ruwa a fuska ɗaya da yatsa. Kafin ka ƙirga goma ya fara naɗewa. Inda tsawon naɗin ya dosa, nan jijiyar ta dosa. Nawa ya naɗe daidai da layin fensir, na zauna ina kallonsa ina girgiza kai. Akwai gwajin yaga, takarda tana yagewa a miƙe ta bin jijiya, ta karkace idan an gitta. Akwai kuma na lanƙwasa, amma wannan ba ya nuna komai a hannuna sai na haɗa takarda kamar goma na tanƙwara su tare, sannan nake jin ɓangaren da ya fi taushi.

Maganin da na bi shi ne A3. Tsawonta milimita 420, faɗinta 297. Idan jijiyarta tana bin dogon gefe, ka raba ta biyu, za ka sami A4 guda biyu da jijiyarsu ke bin gefen 210, daidai da ninki. Sai dai a yi hattara a nan, ba kowace A3 ce haka ba. Akwai wadda jijiyarta ke bin gajeren gefe, idan ka raba ta ka koma gidan jiya, A4 irin ta ofis ka samu, ga asarar kuɗi ga wahalar yanka. Kada wanda ya sayi rim guda sai ya jiƙa takarda ɗaya ya gani da idonsa.

Yankan ma da nasa rigimar. Reza da rula ba sa yi wa takarda mai yawa adalci, ta sama daidai, ta ƙasa ta zame. Na kai aka yanka mini a injin yankan takarda, duk da haka gefen da aka yanka bai kai na masana'anta santsi da daidaito ba. Abin lura shi ne wannan gefen, dogon gefen A4, shi ne zai zama kan littafi ko ƙasansa. Don haka tun kafin bugu na jujjuya takardun yadda duk gefen masana'anta zai koma sama, na yi wa kowane tuli alama da fensir a kusurwa. Da na zo ɗinki ina daidaita damin ta kai, sai ga saman littafin ya fito sumul, ɗan bambancin ya tafi ƙasa inda ido bai cika zuwa ba.

Sai firinta ta ce ba ta san zancen ba. Tawa mai tona ce, wato garin tawada, irin wadda ke gasa rubutu a jikin takarda da zafin da ya doshi digiri 200. Takarda mai gajeriyar jijiya, wato wadda jijiyarta ke bin gajeren gefe, tana shiga ta a sanyaye, ba ta da ƙarfin tsayawa ta inda ake jan ta, zafin kuma yana busar da ita ta fito a naɗe. Bugun fuska ɗaya ya wuce lafiya. Da na ce ta juya da kanta ta buga baya, sai ta fara cin takarda, ina buɗe murfi ina zaro ta a yamutse, yatsu duk baƙi. Raina ya ɓaci ƙwarai a nan, don na ɗauka an gama da matsala. Abin da ya yi aiki: na daina ba ta juyawa. Na buga fuskar farko ta ƙofar da ake sa takarda da hannu, na buɗe ƙofar baya don takardar ta fita a miƙe, na danne tulin ya huce ya miƙe, sannan na mayar na buga ɗaya fuskar. Dami ɗaya-ɗaya nake yi, ba na tura littafin gaba ɗaya. Yana cin lokaci, amma tun daga nan ba ta sake kama mini ko ɗaya ba. Kuma a kowane dami ina duba lissafin nan: a damin farko shafuka biyun da ke fuska ɗaya jimillarsu 17 ce, 16 da 1, 2 da 15, a na biyu 49. Idan jimillar ta sauya, takarda ta juye.

Maganar kuɗi kuwa, ta yi zafi. Rim ɗin A4 da na riga na saya ya koma na gwaji da rubutun yara. A3 mai nauyin giram 100 a kowace murabba'in mita ta fi tsada nesa ba kusa ba, ga ladan yanka. Amma abin da ya fi ci mini rai tona ce. Tsofaffin hotuna suna shan ta kamar me, kuma duk kwafin da ya tattare da hotunansa ya tafi. Yanzu idan gwajin ɗinki zan yi, farar takarda nake ɗinkawa.

Na rabu da takarda mai giram 80 ne saboda hotunan, inuwarsu tana fitowa a bayan shafi ta dagula rubutu. A giram 100 abin ya ragu sosai, littafin kuma ya kai kusan milimita 12 kauri kafin zare ya ƙara nasa. Hotunan na ɗauke su a 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, saboda ƙanana ne ina son faɗaɗa su, na mayar da su fari da baƙi, na ƙara musu haske fiye da yadda ido ke so a kwamfuta, domin firinta mai tona tana duhunta fuska. Hoton mahaifiyata a bugun farko idanu kawai ake gani. Yanzu har zanen ɗankwalinta ya fito.

Tsarin shafi bai ba ni wahala ba, don haka ba zan daɗe a kai ba. Filin ciki, tsakanin ɗinki da rubutu, milimita 20, na waje 15, girman rubutu 12 saboda masu karatun da yawa idonsu ya fara gajiya. Haruffa Charis SIL na ɗauka, ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa da surarsu ɗaya da sauran, ba aro daga wani samfuri ba. Na mayar da komai PDF kafin jera shafuka don kada layi ya motsa.

Da na fahimci zancen jijiya sai na bi sauran kayan da gwajin ruwa. Takardar da ke haɗa bango da ciki, kwalin bangon, har takardar da nake liƙawa a gadon baya, duk na yanke su jijiya na tashi daga ƙasa zuwa sama. Kwali ya fi sauƙin ganewa, ka ɗan tanƙwara shi da hannu biyu za ka ji inda ya ba da kai. Bangon da a da yake bankarewa ya ɗaga baki, wannan karon ya zauna daram. Lokacin liƙa shi na sa takardar leda tsakaninsa da shafin farko don danshi kada ya ratsa ciki, na kuma bar shi a danne har ya bushe sarai, duk da hannuna yana ƙaiƙayin buɗewa.

Saura bakin shafuka. Da takarda huɗu a dami, na tsakiya suna ɗan leƙowa, abin bai kai milimita ɗaya ba, amma yatsa yana jin sa. Wannan kwafin na bar shi haka, kuma shi zan riƙe wa kaina. Sauran biyar ɗin zan kai a datse musu baki a injin bayan ɗinki da gam, kafin in sa bango, shi ya sa zan ƙara milimita 3 a filin waje kafin in sake bugu. Kwalin bangonsu ba zan yanka ba sai sun dawo daga datsa na auna kowanne da kansa.