Kalar gyaɗa a ajin daren Laraba

Ranar da na gaya wa Inna sunan garin da na samu aiki, sai ta yi shiru a waya, can ta ce, "Dandi kuma? Da aurenki za ki tafi yawon dandi?" Dundee ake rubutawa, gari ne a gabashin Sikotilan, a bakin kogin Tay, amma a bakin Bahaushe Dandi yake fita. Na sauka a watan Nuwamba na 2022 da bizar masu kula da tsofaffi. Maigidana da yara sai bayan wata biyar suka biyo ni. Kafin ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufe gari, in dawo daga aiki in tarar da ɗaki shiru, ba mai ce mini sannu da dawowa.

Ni 'yar ikkilisiyar ECWA ce, a ƙasar Malumfashi aka haife ni. Majami'ar da ta fi kusa da masaukina kuwa ta Ikkilisiyar Sikotilan ce, wato 'yan Firesbiteriyan. Sujadarsu awa ɗaya ce cif, ba ganga, ba guɗa, kujeru sun fi mutane yawa. Ikkilisiyar da membobinta suka haura miliyan ɗaya a shekarun 1950, yau ba su kai 300,000 ba, kuma furfura ta fi yawa a cikin waɗanda suka rage. Lahadi shida ina zuwa. A bakin ƙofa a ba ni hannu, a yi mini murmushi, kowa ya kama gabansa. Ba wanda ya san inda nake kwana.

A takardar sanarwa na ga ana ajin manya kowace Laraba da ƙarfe bakwai na dare. Gaskiya ba ƙishin ilimi ne ya kai ni ba, kaɗaici ne ya kore ni daga ɗaki. Na tarar da mutum tara sun kewaye tebur, ga butar shayi da biskit a tsakiya. Fastonmu mace ce, abin da ban taɓa gani a gida ba. Su tun 1968 suka amince a naɗa mata aikin fasto, dattawa mata kuma tun 1966. Da fari abin ya tsaya mini a rai, har na riƙa kauce wa idonta.

A makonnin farko an koya mana tsarin ikkilisiyar. Sunan nasu, Firesbiteriyan, daga kalmar Helenanci yake, ma'anarta dattijo. Ba su da bishop. Fasto da dattawa ne ke riƙe da kowace majami'a, babban taronsu kuma a Edinbara ake yi duk watan Mayu, shugabansa shekara ɗaya yake yi ya sauka. Tushen abin tun 1560 ne, zamanin John Knox, jagoran gyaran ikkilisiya a Sikotilan. Na ce a raina, ai mu ma da dattawa muke tafiya, ashe ba baƙin juna ba ne sosai.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne yadda suke karatun. A gida, in malamin makarantar Lahadi ya buɗe Littafi Mai Tsarki, naki sauraro ne da haddar aya. A nan fasto takan karanta sura, ta rufe littafin, ta ce, "To, me kuka gani?" Sai wani tsohon direban bas ya ce shi fa bai yarda da yadda ta fassara wurin ba. A gabanta! Ita kuwa sai ta gyara zama ta ce ya ƙara bayani. Ni dai bakina a rufe, sai kurɓar shayi.

Da suka ji daga Najeriya nake, kowa sai ya kawo mini zancen Mary Slessor. A Aberdeen aka haife ta amma a garin ta girma, a masaƙar Dundee ta yi aiki tun tana yarinya, ta tafi Kalaba aikin mishan a 1876, a can ƙasar ta rasu a 1915. Suna alfahari da ita, kuma ta cancanta. Sai da na yi ta maza na ce musu Kalaba da garinmu tafiyar yini guda ce a mota har da ɗoriya, mu bishara ta wata hanya ta iso mana: samari uku na mishan ɗin SIM suka sauka Legas a 1893, biyu suka mutu a shekarar da ta biyo, Rowland Bingham kaɗai ya rage. Wannan ce doguwar maganata ta farko a ajin.

Bayan Kirsimeti muka shiga littafin Rut, sura huɗu, mako huɗu. A mako na biyu aka zo inda Rut ta shiga gonar Bo'aza tana bin bayan masu girbin sha'ir. Fasto ta kawo dokar da ke Littafin Firistoci sura 19, cewa mai gona kada ya girbe har gefe, ya bar wa matalauci da baƙo. Wata tsohuwar malamar makaranta ta ce lallai al'ada ce mai daɗi, kowa yana samun rabonsa cikin mutunci. Ban san sa'ad da na ce, "Mama, ba haka abin yake ba."

Na gaya musu ni na yi kala da hannuna. Shekarar da Baba ya rasu, ni da Inna muka riƙa bin gonakin mutane bayan an cire gyaɗa, muna tonon ƙasa da 'yar fartanya, tun safe har rana ta take, wani lokaci abin da za mu samu bai cika kwano ba. Bayanki zai riƙe, yatsunki su tsage. Ciwon da ya fi wannan shi ne duk wanda ya wuce ya san gidanku ba hatsi. Wani mai gonar zai kau da kai kamar bai gan ku ba, wannan shi ne mai kirki. Wani ya turo yara su kore ku. Shi ya sa, na ce, da Bo'aza ya umarci ma'aikatansa su riƙa zare zangarniya daga dami suna yar mata da gangan, ba ciyar da ita kaɗai ya yi ba, asirinta ya rufa, don ta koma gida tana ganin guminta ne. Kuma da ya ce kada samari su taɓa ta, duk macen da ta taɓa shiga gonar wani ita kaɗai ta san dalili.

Ɗakin ya yi tsit. Na ji kunya ta kama ni, na ce na tona asirin gidanmu a gaban Turawa. Sai na ga fasto tana rubutu a gefen littafinta. Ta ce shekara da shekaru tana wa'azi a kan surar nan, ba ta taɓa zama da wanda ya yi kala ba.

Daren nan tsohuwar malamar ce ta mayar da ni gida a motarta. Ta ce in riƙa kiranta da sunanta kawai, na ce bakina ba zai iya ba, sa'ar Inna ce. Har yau Mama nake ce mata, ta gaji ta bari. Ita ta raka ni na sa yara a makaranta da suka iso, ita ta koya mini karanta takardar kuɗin gas.

Ba a komai muka daidaita ba. Su suna yi wa jarirai baftisma da yayyafa ruwa, ni kuwa sai da na yi ajin baftisma, na ba da shaida da bakina, sannan aka nutsar da ni. Mun kwashe Laraba biyu a kan wannan, direban bas yana jawo ayoyinsa, ina jawo nawa, ba wanda ya kayar da wani. Autarmu da aka haifa a nan ba a yi mata ba tukuna, kuma ba wanda ya matsa mana.

Watan gobe za a fara labarin Yusufu a Masar, fasto ta ce ni zan ja mako na farko. Na sa Inna ta aiko mini da Littafi Mai Tsarki na Baba, na Hausa, wanda bangonsa ya rabu. Mama ta ce in zo da ƙuli-ƙuli, wai tana so ta ga abin da ake yi da gyaɗar.