Tarihin Rayuwata, Kashi Na Tara: Daga Garejin Bital Zuwa Gindin Jirgi Mai Saukar Ungulu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya inda Kawu ya kama hannuna ya damƙa ni ga maigidana na gareji can wajen Ƙofar Ƙaura, to yau zan tsallake shekarun koyon aiki dan ba wani abu cikinsu sai wankin filogi da ɗaukar giyabos, in kai ku 1987, shekarar da anka cire mana jihar Katsina daga cikin Kaduna, dan a shekarar ne rayuwata ta sake hanya.

Garejinmu na Bital ne zalla, wato Volkswagen ɗin nan da ake haɗawa a Legas lokacin. Wanda ya san motar ya san injinta a baya yake, ba lagireto ba ruwa, silinda huɗu ne a kwance biyu nan biyu can, fanka ke hura mashi iska shi kenan. Akwai wani dattijo Bazazzagi da ke kawo mana tashi, mutum ne mara yawan magana amma in ana taɓa motarshi baya matsawa ko nan da can. Rannan ina saita mashi bawul, na shimfiɗa tsumma mai tsabta ina jera notina a kai yadda na kwance su, sai ya daɗe yana kallona sannan ya juya wajen maigidana yace "Oga, ka ba ni aron yaron nan." Maigidana yace "Ranka ya daɗe, aron mi kuma, wata motar ce ta lalace a hanya?" Yace a'a jirgi ne. Ashe injiniyan jirgin sama ne, wani kamfani ne ya samu kwangilar feshin gonaki ya kawo ɗan ƙaramin helikwafta, shi ne ke kula da shi kuma yana neman yaro mai tsabtar hannu.

Inna tace sam ba da ɗanta ba, sai da Baba Injiniya ya tako da ƙafarshi har zauren gidanmu ya tsuguna ya gaida mahaifina yace "Malam, aikinshi a ƙasa yake, ni na ɗauki amanarshi," sannan anka sa mani albarka.

Ranar da na fara ganin jirgin wallahi na ɗan yi sororo dan na zata zan ga wani ƙaton abu. Ɗan kurtun gilashi ne da kujerar mutum uku a jere, doguwar jela siririya da ƙaramar farfela a ƙarshenta, manyan fukafukai uku a sama, ƙafafun ƙarfe guda biyu ba taya, injin kuma gashi nan tsirara a ƙasan bayan kujera kowa na ganinshi. Na duƙa na leƙa, silinda huɗu a kwance biyu nan biyu can, fanka na hura iska, ba ruwa. Nace "Baba ai wannan injin Bital ne!" Yace shi yasa na ɗauko ka, amma ka sake dubawa. Injin kamfanin Lycoming ne na Amurka, cikinshi ya kusa lita shida, wato ya kusa ninka na Bital sau huɗu, ƙarfin dawaki 190, ba kafireta gare shi ba injekta ce, sannan kowace silinda filogi biyu gare ta, maganeto ma biyu ne kowane da layinshi, dan in ɗaya ya mutu a sama ɗayan ya riƙe wuta. Kuma batir ba ruwanshi da wutar filogi, in injin ya tashi ko batir ya mutu zai ci gaba da aiki. Mai kuma ba fetur ɗin gidan mai bane, nashi daban ne na jiragen fistan, a duro ake kawo mana shi daga nesa.

Abin da ya fi ɗaure mani kai shine bel. Jirgi guda a ce bel ke ɗauke da shi! Guda takwas ne a jere, su ke ɗaukar ƙarfin injin su kai sama wajen giya, injin na juyi sama da dubu uku a minti su kuma fukafukan basu kai ɗari biyar ba. In za a tada shi bel ɗin a sake suke, sai injin ya kama sannan matuƙi ya taɓa wani maɓalli a hankali a hankali bel na ɗaurewa fukafukai na fara juyawa, shine kulocinshi. Kuma in ɗaya ya tsufa duka takwas ɗin ake canzawa tare, ba a yi mashi kwaskwarima. Akwai kuma wani abu a wajen da ke sakin fukafukan su ci gaba da juyawa da kansu in injin ya mutu, iskar da ke bugo su daga ƙasa ita ke juya su har matuƙi ya lallaɓa ya sauka, na sha ganin matuƙinmu Kyaftin na gwada haka da gangan dan kar hannunshi ya manta.

Kyaftin ɗin Ba'amurke ne, tsohon soja, ɗan dattijo mai jan wuya, Hausarshi bata wuce sannu da na gode ba amma Baba Injiniya na fassara mani. Shi ya fara ba ni labarin asalin jirgin dan yace a kan irinshi ya koyi tuƙi. Kamfanin Hughes ne ya ƙera shi a Kalifoniya, kamfanin attajirin nan Howard Hughes, sun lura a wajen 1955 cewa mutane na son ƙaramin helikwafta mai araha na mutum biyu, sai sunka yi wanda sunka kira 269, ya fara tashi a watan Oktoba 1956. Da farko sojan Amurka sun gwada shi basu ɗauka ba, sai a 1964 sunka dawo sunka zaɓe shi a matsayin jirgin koyon tuƙi sunka sa mashi suna TH-55, sun sayi 792, mafi yawa a wani sansani da ake kira Fort Wolters a Texas lokacin yaƙin Biyetnam na cin matuƙa. Har zuwa 1988 da sunka ajiye shi, sama da matuƙa dubu sittin ne sunka koyi tashi a kanshi. Ka duba fa, ɗan wannan abin da na raina. A 1964 ɗin ne kuma sunka fitar da mai kujera uku sunka kira shi Hughes 300, har 'yan sanda a yankin Los Angeles sunka fara sintiri da shi daga sama a 1966, sannan wajen 1970 anka ƙara mashi ƙarfin inji da tsawon fukafukai ya zama 300C, irin namu kenan. Italiya da Japan ma sun haɗa shi a ƙasashensu da izinin kamfanin.

Kyaftin yace dalilin da yasa ake son shi wajen koyarwa, jirgin baya yi maka aikinka. Totur ɗinshi a hannun hagu yake jikin sandar da ke ɗaga jirgin sama, kai ne zaka riƙa murzawa kana sauraron injin kana kallon allura, hannun dama na riƙe da sandar gaba da baya, ƙafafu biyu na kan fedar jela, ba gaɓar jikinka da ke hutawa. Wanda ya iya wannan yace ba helikwaftan da zai gagare shi.

Ni dai abin da ya canza ni ba ƙarfen bane, littafi ne. A gareji mun saba sai abu ya lalace a gyara, mai mota ma in kace mashi canza kaza tun bai mutu ba sai ya ga kamar cutarshi zaka yi. Nan kuwa komai da awanninshi a rubuce, kowane tashi sai an rubuta minti nawa anka yi a sama, in awa ɗari ta cika a kwance jirgin a duba shi tun daga kai har jela, akwai kayan da in awanninsu sun cika cire su ake yi ko da suna walƙiya sababbi fil. Noti ba a ɗaure shi da ƙarfin damtse, akwai sifana mai awo, in ta kai inda littafi yace sai ka tsaya, sannan ka zura siririyar waya ka murɗe ta ka ɗaure notin dan kar girgiza ta kwance shi. Kullum da asuba bayan sallah aikina na farko in tsiyayi mai kaɗan daga ƙasan tanki cikin kwalba in ɗaga in duba ko akwai ruwa ko datti a kwance. In an gama aiki a ƙirga sifanu, in ɗaya ta ɓata jirgi ba zai tashi ba sai an ganta. Ko shokazoba huɗu da ke ƙafafunshi sai an duba su, dan in sun saki jirgin na iya kama rawa a ƙasa fukafukai na juyawa har ya wargaza kanshi cikin daƙiƙu. Baba Injiniya yakan ce mani "Ɗana, mota in ta mutu gefen hanya take tsayawa, wannan ba shi da gefen hanya." Shi kaɗai ke da lasisin sa hannu, ni ɗan aike ne, amma bai taɓa sa hannu a kan abin da bai duba da idonshi ba, ko da ni na rantse na yi.

Da damina ta yi nisa munka fara da gonakin auduga wajen Funtua da Malumfashi, daga baya anka tura mu arewa saboda fara, dan waɗannan shekarun na 1986 zuwa 1988 fara ta addabi ƙasashen bakin hamada sosai. A Daura munka yada zango, muna fita Mai'aduwa da Zango da Baure har bakin iyakar Nijar. Duk wanda bai ga gonar gero da fara ta kwana a ciki ba ba zai gane abin da nike faɗi ba, mutum ya yi noma ya yi maimai gero ya fidda kai sannan ya wayi gari kara kawai ya rage. An ɗaura ma jirgin tankuna biyu a gefe da dogon bututu mai ƙananan baki, Kyaftin ya riƙa bin gona ƙasa ƙasa dab da kan gero, iskar fukafukan na tura maganin har ƙarƙashin ganye, ya kai ƙarshen gona ya ɗaga hanci ya juyo. Amfaninshi a kan jirgi mai fiffike shine baya neman filin sauka, ko filin ƙwallon firamare ya ishe shi, mu kuma muna biye da a-kori-kura ɗauke da duron mai da na magani.

Zafin ƙasarmu kuwa jirgin bai so shi ba ko kaɗan. Injin fistan iska yake shaƙa, in rana ta take iska ta yi sako-sako, ƙarfin injin ya ragu fukafukan ma su rasa abin kamawa, gashi nauyin da anka yarda ya ɗauka duka duka da shi kanshi da mai da matuƙi da magani bai wuce kilo 930 ba. Shi yasa tun da duku-duku muke fara aiki, kafin azahar mun rage lodi ko mun tsaya gaba ɗaya. Ga ƙura, matatar iska kullum sai na wanke, bakin fukafukan kuma yashi na cinye mashi fenti.

Mutanen ƙauye kuwa Allah ya saka masu da alheri, duk inda munka sauka sai fura da nono da dafaffen ƙwai, maigari da kanshi ke sa dogarai ko samari su kore yara daga wajen jela dan farfelar bayan nan in tana juyawa ido baya ganinta, ita na fi tsoro a kan komai. Amma akwai abin da har yau yake ci mani rai. Samarin da ake ɗauka su riƙe tuta a bakin gona dan matuƙi ya gane layi, kamfanin bai basu ko ƙyallen rufe hanci ba, magani na sauka a kansu, da yamma ka gansu suna amai da ciwon kai, kuma ba kullum ake sanar da Fulani makiyaya da wuri su janye dabbobi ba. Baba Injiniya ya yi magana har ya gaji, daga ƙarshe da kuɗin aljihunshi ya riƙa sayen sabulu da yadi yana raba masu. Yanzu in na ga yaranmu na Katsina sun ji ƙarar helikwafta sun san ana bin 'yan bindiga ne a daji, sai in tuna lokacin da ƙararshi ke nufin an zo ceton gero, tsofaffi na ɗaga hannu suna addu'a.

Wani abu da na lura da shi a lokacin, farantin jikin jirgin Hughes ne a rubuce amma kwalayen kayan gyara da ke zuwa Schweizer ne a jikinsu. Baba Injiniya yace ai an sayar, wani ƙaramin kamfani ne a Elmira ta jihar New York da anka fi sani da ƙera jirage marasa inji, sun fara haɗa shi a 1983 sannan a 1986 sunka saye shi gaba ɗaya. Daga baya na bibiya na ga Sikorsky sun saye Schweizer ɗin a 2004, a 2018 kuma wasu a Fort Worth ta Texas sunka karɓa, har yanzu akwai makarantun tuƙi da ke koyarwa da shi duk da jiragen Robinson, R22 da R44, sun cinye mafi yawan kasuwar. Shi kanshi Frank Robinson ɗin ya taɓa aiki a Hughes kafin ya buɗe nashi kamfanin a 1973.

To kwalayen nan da dala ake sayensu, kuma tun Satumbar 1986 da gwamnati ta saki naira a kasuwar canji kuɗinmu ke zubewa. Awannin wasu kayan kan fukafukan sunka cika, manajan kamfanin ya zo har Daura yace a lallaɓa a ƙarasa kakar bana tunda ba abin da ya karye. Baba Injiniya ya rufe littafin ya sa biro a aljihu yace shi ba zai sa hannu ba, Kyaftin yace in ba sa hannu shi ma ba zai hau ba. A a-kori-kura munka kwance fukafukan munka ɗauko jirgin zuwa Katsina, albashin wata biyu bai fito ba, ni kuma ga maganar aurena an riga an kai goro. Yadda ta kaya tsakanin Baba Injiniya da manajan, da yadda anka yi na tsinci kaina a Zariya da takardar shaida a hannu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.