Littafin mai kisan mata da ya jawo mana musu a grup ɗinmu na Jidda

Mu dai grup ne na mata masu son karatu, yawancinmu a Jidda muke sai 'yan kaɗan a Makka, da can littattafan soyayya muke bi da na addini idan azumi ya zo, sai wata ƙanwarmu da ke jami'a ta ce don Allah a canza, ta kawo wani da aka fassara daga Turanci zuwa Larabci, labarin wani mutum da ke bin mata yana kashewa ɗaya bayan ɗaya da 'yar sandar da ke farautarsa. Waɗanda Larabcinsu bai yi ƙarfi ba ana musu bayanin kowane babi da Hausa ta saƙon murya a WhatsApp, daren Alhamis bayan isha'i kuma mu haɗu gidan Hajiyarmu, ga gahwa ga dabino, a baje.

Littafin kam akwai jan hankali, in kika ɗauka ba ki son ajiyewa. Amma ni wallahi abin da ya ci min rai shi ne yadda marubucin ya ba makashin babi-babi, mun san yarintarsa, mun san abin da uwarsa ta yi masa, har irin abincin da yake so mun sani, su kuwa matan da ya kashe kowacce layi biyu ko uku ne, launin rigarta da inda aka tsinci gawarta, shi ke nan an wuce.

Hajiya ce ta fara taɓo wurin. Ta ajiye finjalinta ta ce, "Ku 'yan nan, yarinyar nan ta farko mai aikin wanke-wanke, wa ya fita nemanta?" Muka duba, babu. Sai da aka kashe 'yar masu kuɗi sannan gari ya tashi. Ƙanwar tamu ta ce, "Hajiya ai haka ake rubuta irin waɗannan, mai karatu kan makashin yake so ya shiga." Hajiya ta ce ita ba ta da abin yi a cikin kansa.

Daga nan hira ta bar littafi ta koma kan abin da ya faru da gaske. Duk wanda ya zauna da Larabawa ya ji sunan Rayya da Sakina, 'yan'uwan nan biyu na Iskandariyya a Masar, su da mazajensu suka kashe mata 17 tsakanin 1919 da 1920, suna yaudararsu zuwa gida su kwashe gwal ɗinsu su binne su a ƙarƙashin ɗaki, aka rataye su a Disambar 1921. Yau ko yaro ya san sunan su biyun, amma tambayi mutum sunan mace ɗaya cikin 17 ɗin nan ki ga. Haka na Landan da ake kira Jack the Ripper, 1888 a unguwar Whitechapel, matan duk talakawa ne futuk, kuma har yau ba a san ko wane ne shi ba. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne Samuel Little na Amurka, da bakinsa ya ce ya kashe mutum 93 daga 1970 zuwa 2005, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta tabbatar da fiye da rabi. Da gangan yake zaɓar matan da ya san ba mai bin kadinsu, wasu ma an rubuta cewa ƙwaya ce ta kashe su aka rufe magana.

To a nan ne jikina ya yi sanyi, don mu nan mun san irin matan nan ido da ido. 'Yar'uwarmu ce da ta zo aikatau ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ta bar gidan kafil, wato uban gidan da ya tsaya mata, tana kwana ɗakin haya da wasu biyar, waya sai ta canza layi kullum. In ta ɓace yau, abokan kwananta tsoro zai hana su kai rahoto don kada su ma a kama su a kai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, sai a ce ƙila an kama ta ne ko ta koma Makka, uwarta kuma tana can Kano ko Damagaram tana zaton aiki ne ya yi mata yawa. Wata antinmu ta ce ita ta san wadda aka yi wata da watanni ba labarinta kafin wani ya ko tambaya, Allah Ya sa daga baya aka same ta lafiya.

Musun bai mutu ba fa. Ƙanwarmu na nan kan bakanta cewa sanin halin mugu shi ke sa a gane shi tun da wuri, kuma na yarda akwai gaskiya a ciki, don makashin littafin ba dodo ba ne, mutum ne mai fara'a mai gaishe da maƙwabta. Ni dai na ce littafi na gaba in har na kisa ne, a nemo mana wanda ya zauna da matan da danginsu. Kafin mu tashi Hajiya ta sa kowacce ta faɗi 'yan aikatau nawa ta sani a unguwarsu da ba su da kowa a nan, ta ce a karɓi lambar wani nasu na gida a ajiye, kuma duk Juma'a a kira su a ji lafiyarsu. Ni uku ne a layinmu, na samu lambar biyu, ta ukun ta ce sai ta yi shawara da yayarta tukuna.